Kundin Malam, Ɗauri Uku

Yanzu magani ya koma kan titi, da lasifika. Ranar kasuwa in na zauna a ƙofar ɗakina a nan Adabka, ina jiyo mai mota yana ta rantse-rantse, wai kwalbarsa ɗaya tana maganin basir da shawara da ciwon baya da sanyin ƙashi, har da mantuwa. Jikokina su yi ta dariya suna kwaikwayonsa. Ni kuwa nakan ce da mantuwar kanta yake sayarwa, da na sayi kwalba biyu. Ba su san abin da nake nufi ba, ni ma ban cika faɗa ba. Amma tsufa ya sa bakina ya daina riƙe magana, ga kuma gafakar can rataye a bango tana kallona kullum safiya, tsohuwar jakar fata irin wadda malamai ke ajiye takardu a ciki. Yaran nan sun ɗauka layu ne a cikinta. Ba layu ba ne, rabona ne na gado, ko in ce abin da aka rage mini daga ciki.

A Anka aka haife ni, a gidan da ba ya rabo da baƙi. Mahaifinmu malami ne kuma maɗori, mai gyaran karaya da targaɗe, kuma duk gari Malam ake ce masa, har mu 'ya'yansa. Abin da kunnena ya fara sani a duniya ƙarar turmi ce. Ba dakan fura kaɗai ba, dakan sassaƙe da saiwa, wanda sautinsa ya fi na gero kauri, sai ka ji kamar ƙasa ce ke amsawa. Da hantsi Inna za ta baza ganye a kan tabarmi, sabara gefe guda, kalgo gefe guda, ni kuma aikina korar awaki da juya shanya. Daga zaure ka jiyo ƙaton namiji, wanda ya gama cika baki a gona, yana kiran uwarsa saboda Malam ya kama ƙafarsa. Inna ta taɓe baki ta ce, "Ku ji shi, da gemu nai da komi." Gidan kullum cikin ƙanshin man kaɗe yake da hayaƙin itacen ƙirya. Mu uku ne: Yaya Garba babba, sai Nomau, sai ni auta. Sunan mahaifiyar Malam aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, bai kuma taɓa ɗaga mini hannu ba ko da na yi ɓarna. Yaya Garba yakan ce duk Anka ni kaɗai ce na haifi ubana kuma nake satar masa ƙuli-ƙuli.

A lokacin daji daji ne. In Malam zai je ɗibar magani da sassafe yakan tafi da mu, raɓa tana jiƙa mana ƙafa, kurciya na kuka ta ko'ina. Ba ya sassaƙe itace ya zagaye shi, gefe guda yake ɗiba ya shafe wurin da laka. In ya tono saiwa sai ya mayar da ƙasa ya danne da dunduniya, yana cewa wanda ya ci a ƙwarya ya fasa ta bai shirya cin gobe ba. Yau ka je wuraren nan, ramuka ne da kututture, maɗacin da muke hutawa a gindinsa an daɗe da yin gawayi da shi.

Duk abin da Malam ya sani, da wanda ya gada, da wanda ya samo a yawon karatu, har da wanda Fulanin daji suka ba shi, yana cikin kundinsa. Yaran yanzu in an ce littafi, abin da ke zuwa ransu mai bango ne, a manne. Kundin Malam warƙa-warƙa ne, takardu a sake, ba ɗinki ba danƙo, a jere tsakanin fata biyu, a naɗe da igiya. A ƙasan kowace warƙa, can kusurwa, yakan rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita, yadda ko iska ta watsa su za a iya mayar da kowace gurbinta. A tsakiyar takarda manyan baƙaƙe ne, da ajami, sunan ciwo da sunan magani. Amma ainihin abin a gefe yake. Nan yake bi da ƙananan baƙaƙe kamar sawun tururuwa, shekara da shekaru, yana ƙara abin da aiki ya koya masa: awo kaza, tafasa kaza, wa za a ba, wa ba za a ba ba, mai ciki kada ta kusanta, yaro rabin ludayi. Yakan ce tsakiya kowa na iya kwafa daga wani, gefe kuwa sai wanda ya yi kuskure, ya faɗa da bakinsa, ya gyara.

Ranar da hanyata ta rabu da ta sauran 'yan matan unguwa wata Babbar Sallah ce. Ana ta suyar layya, Malam ya sa aka dafa masa cinyar rago har ta yi laushi, bai ci ba, ya kira mu mu uku. Yaya Garba da Nomau suka zuba wa naman idon yunwa. Malam ya ce, "Yaki nan, Uwata. Mi kig gani?" Na ce nama. Ya ce in sa yatsa in yage. Na yaga, sai ya rabu gida-gida, kowane gida da 'yar yana a lulluɓe da shi. Ya ce in sake yage guda. Shi ma ya rabu, na yi ta bi har na kai ga sirara kamar zaren kaɗi.

"To, kin gani," in ji shi. "Nama zare na, ɗauri cikin ɗauri. Haka jijiya take. Mai targaɗe, ɗauri guda na yag goce ma 'yan'uwa nai. Ba da ƙarhi a ka maishe shi ba, sai da lallashi." Ya nuna kaɗanyar bayan gida da haɓa. "Dibi ganyen can, taro-taro a bakin reshe. Allah bai cika yin abu shi kaɗai ba."

Yaya Garba ya ce, "Malam, in an ƙare karatun, a ci littahin?" Malam ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

Ba a yi wata biyu ba wata Bafulatana mai kawo mana nono ta zame a bakin rafi da ƙwarya a ka, wuyan hannunta ya kumbura suntum. Ta rantse namiji ba zai taɓa ta ba. Malam ya tsaya a bayan zana yana faɗa, ni ina ciki ina bi da yatsa da man kaɗe, ina lalube har na ji abin da ya goce ya koma. Matar ta yi ajiyar zuciya ta dafa kaina. Da la'asar Malam ya ciro warƙar farko ta babin jijiya, ya tsoma alƙalami, ya rubuta a gefe, daga sama zuwa ƙasa: "Ɗaurin Uwata ne. Hannunta ya fi nawa sanyi. Allah ya yi mata albarka." Malam ba mai yabo ba ne. A rayuwata ban ji ya yabi ɗayanmu da baki ba. Wannan layi ɗaya shi ne duk abin da na samu, ya kuwa ishe ni.

Da Malam ya ji jiki ya fara gaya masa gaskiya, lokacin ina ɗakin mijina a Adabka, Nomau ya kafa gida a Gummi, Yaya yana gidan gado a Anka, sai ya tara mu ya kasa kundin uku. Babin itatuwa, wane ne wane, a ina yake fita, yaushe ake sara, ya ba Yaya Garba. Babin haɗi, abin da ake gamawa da abin da ba a gamawa da yadda ake dafawa, ya ba Nomau. Babin jijiya da ƙashi ya ba ni. Ya yanka igiyar fata uku, kowace daidai ɗaurinta, zagaye biyu da ƙulli. Sannan ya kafa sharaɗi: kada wanda ya kwafi na ɗan'uwansa. Yaya ya ce ai wannan wahala ce, mai ciwo guda sai an bi gari uku? Malam ya ce, "Awo, haka na ka so. Mai buƙata shi taka ƙahwa tai. Zumunta a ƙahwa take. In na ba mutum guda duka, na san ku, sai dai ku gamu wurin jana'iza."

Haka kuwa muka yi bayan ransa. Kowace kaka, in an gama yankan gero an kai dawa rumbu, sai mu haɗu, bana Anka, baɗi Gummi, ta gaba wurina. Da fari a kan jaki, daga baya a bayan akori-kura, daga baya babur. Kowa da gafakarsa. Mu shimfiɗa tabarma a inuwa, a kwance ɗauri uku, kwana uku ana karatu ana musu. Nomau mutum ne mai sanyi, ga kai. Gefen takardunsa duk a kansa yake, har da na namu da ya ji ana karantawa, kana fara layi zai ƙarasa maka yana ɓarar gyaɗa. Yaya kuwa baki, ya iya labari, ya iya sa mutum ya yarda da abin da bai yi niyya ba. 'Ya'yanmu suka tashi sun san juna, sun san hanyar gidajen juna, har aure ya shiga tsakani. Tsakanin kaka da kaka ma ba a rasa mai zuwa: a turo mini mai targaɗe daga Gummi, ni in tura a tambayo mini awo wurin Nomau, Yaya ya aiko da sassaƙe a buhu. A lokacin ina ƙorafin hanya, ina cewa Malam ya bar mana gadon ciwon baya. Yau da za a mayar da ni kan jakin nan da na yi godiya.

Sai zinari ya zo. Ko in ce dama yana nan, mutane ne suka zo masa. Samari suka ajiye garma suka shiga rami, ƙarar injin niƙa dutse ta danne ƙarar turmi, aka kai dutsen har cikin gida ana daka shi inda ake dakan hatsi. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, yaran Dareta da Bagega da gubar dalma ta kwashe, ciwon da babu shi a ɗauri ko ɗaya cikin ukun. Bayan wannan hanya ta lalace, ba lalacewar rami ba, ta mutanen daji masu bindiga. Aka fara jin an ƙona ƙauyuka. Cikin wannan hali ne Yaya ya zo mini, ba da kaka ba, da rani tsaka, ɗaurin Nomau tuni yana cikin jakarsa.

"Ƙanwata," ya ce, "zamani ya canza. In anka sa ma garin ga wuta, Allah shi kiyaye, ɗaurinki ya tahi, namu kuma ya zama banza. Ki ba ni in kai Gusau. Akwai masu inji, su ɗauki hoton kowace warƙa, su ɗinke muna ukku, kowa shi samu cikakke. Na asali kuma in maido ma kowa nashi."

Na ce, "Malam hwa ya hana."

"Malam bai ga wanga zamani ba. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ba haka anka ce ba? Kahin ruwa shi sauka kin gan ni."

Na ce, "Yaya, warƙar hwarko. Ka san abin da ke jikinta."

"Na sani, Uwar Malam. Ko ƙuda ba shi sauka kanta."

Na kwance igiyar na riƙe, don ya ce masu inji ba su da aiki da ita. Na naɗe takardun a ƙyalle na miƙa masa da hannu biyu. Ba wanda ya tilasta ni, kuma wannan ne ke cin raina har yau.

Ruwa ya sauka, ya ɗauke. Kaka ta zo, a Gummi ya kamata a haɗu, Yaya ya aiko wai hanya. Wata kakar wai masu inji ba su gama ba. Daga nan ko aiken ya daina, in an kira wayarsa sai a ce yana masallaci, kai ka ce limanci aka ba shi. Hanyar da ta hana shi zuwa Gummi da Adabka ba ta hana shi zuwa Gusau ba. Ni da Nomau muka haɗu sau biyu da gafaka wayam, muka zauna kamar waɗanda aka yi wa sata, muka rasa abin karantawa, daga nan mu ma muka bari. Na yi zargi iri-iri. Na ce ya sayar wa masu lasifika. Na ce ya mayar da shi nasa shi kaɗai don a ce shi ne magajin Malam. Nomau ya ce in yi haƙuri, babban wa uba ne. Da wannan haƙurin ya kwanta ciwo, da shi ya koma ga Allah. Wurin gaisuwa na hango Yaya a cikin maza, ya rame. Na aika a ce masa ina son magana, kafin a dawo mini da amsa ya shiga mota. Maganar Malam ta tabbata, mun gamu wurin jana'iza.

Bara, bayan ɗaukewar ruwa, Lawali babban ɗan Yaya, magidanci da furfurarsa, ya sauka a ƙofar gidana a kan babur. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, Baba na kwance. Ɓarin jiki nai ya shanye. An kai shi asibiti sun yi nasu, sun ce a dinga gasa hannun ana motsa shi. Sunanki kaɗai ka hita baki nai." Na ce ba ga littafi a hannunku ba, cikakke? Ya sunkuyar da kai ya ce sun duba, sun ga sunayen magani, amma ba su ga awo ba. Ban gane me yake nufi ba. Na so in ce ba ni zuwa, Allah ya sani na so. Amma hannun nan nawa Malam ne ya sa masa albarka, ba kuma don in zaɓi wanda zan taɓa ba. Na ɗauki man kaɗe da gafakata na hau.

Na same shi da hantsi a ɗakin Malam na da, baki ya karkace, hannun dama a yashe kamar ba nasa ba. Ban ja gaisuwa ba. Na zauna na kama hannun na bi shi zare-zare, tun daga kafaɗa har yatsu, shi yana kallon rufi. Da na gama na goge hannuna, na ce Lawali ya kawo mini kayana. Ya buɗe akwati ya ciro littafi guda, mai baƙin bango, gwanin kyau. Ba hoto ba ne. Takardun Malam ne na asali, ɗauri ukun, aka haɗa aka ɗinke aka manne. Da yake kuma warƙoƙin ba girmansu ɗaya ba, wata ta fi wata, mai ɗinkin ya yi abin da yake yi wa kowane littafi: ya sa su a injin yanka ya daidaita bakinsu, sama da ƙasa da gefe, ɓangare na huɗu kuma ɗinki da danƙo suka cinye. Sumul, kamar an yanka sabulu.

Na buɗe. Tsakiya tana nan, sunan ciwo da sunan magani. Gefe babu. Awo babu, mai ciki kada ta kusanta babu, kalmar ƙasan warƙa babu, har an jera wasu a birkice ba wanda ya sani. Na nemo warƙata ta farko. Inda Malam ya rubuta mini, abin da ya rage wutsiyoyin baƙaƙe ne da ɗigo biyu ko uku a bakin takarda, kamar kashin ƙuda.

Na ce, "Yaushe anka yi wanga aiki?"

Lawali ya ce tun zuwan farko, a makon da aka kai. Baba ya bar takardun wurin mai ɗinki ya shiga kasuwa, bai tsaya bayani ba, ya ɗauka kowa ya san darajar gefe. Da ya dawo ya gani ya nemi abin da aka yanke, an riga an share an ƙona. Sai ya kawo gida ya kulle a akwati, ya hana kowa faɗa.

Na juya ga Yaya. Ya yi ta kokawa da harshensa, da ƙyar kalma ɗaya ta fito. "Kunya."

"Kunya?" na ce. "Yaya, kuskuren mai inji ban riƙe ka da shi ba, kowa na kuskure. Amma Nomau damina nawa yay yi da rai bayan nan? Gehen ga duka a kai nai yake. Da ka hwaɗa, da mun zauna kan tabarma mu ukku mun maishe shi layi-layi. Ka bari yat tahi da shi cikin ƙasa don kada a ce ka yi ɓanna. Ka bar ni ina zarginka da laihin da ba ka yi ba, alhali wanda ka yi ya hi shi."

Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ban share masa ba. Layina kuwa ban ko ambata ba, don wannan ko Nomau ba zai iya maido shi ba, hannun da ya rubuta shi ya daɗe a ƙasa.

Na yi kwana bakwai ina gasa masa hannu safe da yamma, har yatsu biyu suka fara motsi. Matan gidan suka ce Gwaggo ta yafe. Ni ban ce ba. Hannuna ne ya yi aikinsa, zuciyata tana inda take. Ranar da zan tafi na ce Lawali ya ba ni reza. A gaban Yaya na bi ɗinkin na tsinke shi, na zare babin jijiya warƙa-warƙa, na ware na haɗi na ce a kai wa 'ya'yan Nomau a Gummi, kuma Lawali ya kai da ƙafarsa, kada a ba direba. Na bar wa Yaya nasa da baƙin bangon. Bai hana ba.

Da na dawo Adabka na zauna a kan tabarma, na ciro igiyar fatar nan da Malam ya yanka da hannunsa daidai ɗaurina, zagaye biyu da ƙulli. Na naɗa. Ta zagaya biyu, na ƙulla, sai ga saura yana reto, tsawon yatsa har da ƙari. Jikata da ke tankaɗe a gefe ta ce in kawo ta yanke mini shi ya yi daidai. Na ce ta bar shi haka nan, an yi yankan da ya isa.